Na Cika Kwalaben Maɗacin Baffa Da 'Ya'yan Wani Itace

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda hannunsa ya fara ƙaiƙayin rubuta min baƙar magana ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san na yi laifi. Duk zagin da za ku yi min, na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi zafi. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kacal suka rage min.

Ni mace ce, shekarata ashirin da tara, 'yar Bebeji ce, amma aiki ya kai ni Tudun Wada. Ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji na wata ƙungiya mai dashen itatuwan katako, ba zan faɗi sunanta ba. Bari in ɗan bayyana aikin, don ko a gidanmu har yau ce min suke mai noma a kwalba. Maimakon a shuka ƙwallon itace a jira abin da Allah zai fitar, mu sai mu nemi itacen da ya fi kowane kyau a daji, mu yanko ɗan tohonsa wanda bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, mu wanke shi da magani, mu dasa shi a cikin kwalba a kan wani abinci mai kama da koko da ya kwana ya daskare. In ya yi rassa sai a raba, ɗaya ya zama huɗu, huɗu su zama goma sha shida, haka har su cika ɗaki. Duk abin da ya fito kuma uban ne sak, ba kama ba ce, shi ne da kansa aka maimaita. In uban miƙaƙƙe ne, duka miƙaƙƙu za su yi. In mai rauni ne, babu ɗaya da zai tsira daga raunin.

Babban maƙiyinmu funfuna ce. Ƙura ɗaya ta shiga kwalba, an gama. Shi ya sa ɗakin da kwalaben suke zama yana da dokoki kamar ɗakin tiyata: ba takalmi, ba abinci, ba shiga sai da takunkumi da safar hannu, a fesa sifirit a komai. Kuma wa ke tsare dokar nan? Ni. Ni ce mai bakin faɗa a wurin. Na taɓa korar wani babban baƙo mai babbar riga daga ƙofa saboda na ji ƙarar gyaɗa a aljihunsa, na kuma yi sati ina ba da labarin ina dariya.

Shugabar ɗakin, wadda zan kira Dakta, ita ta ɗauke ni aiki lokacin da na gama karatu, na yi shekara biyu ina zaune a gida. Ita ce ta gano maɗacin wani dattijo da zan kira Baffa, Bafulatani ne mai shanu da gona a can wajen Burumburum. Duk wanda ya san maɗaci ya san ciwonsa: akwai wata tsutsa da ke shiga ta kan toho ta cinye cikinsa, tohon ya mutu, itacen ya rabu gida biyu ko uku, ya karkace, ba za a taɓa samun dogon katako a jikinsa ba. Duk maɗacin yankin haka suke, sai na Baffa. Yana tsaye a bakin gonarsa sambal kamar turken wuta, sai ka ɗaga kai har ɗankwalinka ya zame kafin ka ga reshen farko. Tun zamanin kakansa yake nan, kuma bai yarda kowa ya sassaƙe shi ba sai ta gefe ɗaya, shi ma sai in ciwo ya yi tsanani.

Ranar da muka je roƙon toho, Baffa ya saurari Dakta har ta gama, sannan ya juyo ya kalli kwalbar da ke hannuna, ya kalli itacen, ya fashe da dariya.

"Wannan ƙaton za ku cusa a nan? To ke Likitar itace, in kin sa shi ya shiga, za ki dawo min da shi?"

Na ce, "Zan dawo maka da 'ya'yansa, Baffa, har sai ka ce sun ishe ka."

Sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Amana ce fa, 'yata."

Na ce na karɓa. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa min.

Tsohon itace taurin kai ne da shi, ba ya son kwalba. Mun dasa toho ya fi ɗari, suna yin baƙi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata bakwai ina fama, har mafarkinsu nake yi, sannan kwalba tara suka kama suka fara fitar da 'yan ganye. Ana cikin haka, da rani, Baffa ya tafi da shanu neman ciyawa wajen Doguwa, sai masu injin yankan katako suka bi bayansa suka kwantar da maɗacin, suka yi gunduwa-gunduwa da shi suka loda a mota. Kafin ya dawo masu gawayi sun ƙone kututturen har saiwa. Da labarin ya iso mana Dakta ta zauna a ƙasa. Bayan kwana biyu sai ga Baffa a ƙofarmu da sandarsa. Ba mu iya shigar da shi ba, sai na jera kwalaben tara a bayan gilashin taga ya leƙa daga waje. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a goshi yana kare rana. Can ya ce, "To, bai mutu ba ke nan." Ya juya ya tafi. Ranar Dakta ta ce min, "Kwalaben nan tara sun fi ginin nan gaba ɗaya daraja." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai suna hannuna.

Yanzu ga abin da na yi. Ranar ƙarshe ta azumi ce, ana zafin da ko kare ba ya fita. Matar Baffa, Goggo, takan kawo nono kasuwa, ranar sai ta biyo ta wurinmu da ƙwarya a rufe da faifai, fura ce da kindirmo ta dama min da hannunta, ta ce in sha ruwa da ita. Ya zan yi? In ce ba na so? Na karɓa na yi godiya. To amma sauran awa biyar a sha ruwa, furar za ta yi tsami, kuma a duk ginin ɗaki ɗaya ne mai sanyi, shi ne ɗakin kwalabe, don shi kaɗai aka haɗa wa na'urar sanyi da sola. Dakta ta yi tafiyar wata guda, ni ke riƙe da mukulli. Na tsaya a ƙofar da ƙwaryar a hannu, wallahi sai da zuciyata ta ce kar ki yi. Na ce ai a rufe take, awa nawa ne duka? Na tura ta can ƙasan kanta, a inda ya fi sanyi, daidai ƙarƙashin kwalaben Baffa. Da la'asar ƙanwata ta kira ta ce in yi sauri, motocin Bebeji suna cika, kowa na tafiya gida Sallah. Na zari jaka na kulle ƙofa na hau acaɓa. Ban tuna da ƙwaryar nan ba, ban tuna ba ko sau ɗaya, ina can ina cin tuwon Sallah ina ɗaukar hoto da sabon leshi, sai da na sa mukulli a ƙofar bayan kwana biyar wari ya dake ni.

Faifan ya ɗago. Furar ta kumbura ta zubo, ta yi gashi fari da kore, wasu ƙananan ƙwari suna yawo a kanta suna hawa kantar. Na fitar da ita, na wanke ɗakin sau uku, na fesa sifirit har idona na hawaye, na duba kwalaben na ga lafiyarsu lau, na ce Alhamdu lillahi na tsira. Kwana huɗu bayan nan na ga farin ɗigo a kwalba ta farko. Na cire tsiron na wanke na sauya masa kwalba, funfunar ta biyo shi. Ta biyu, ta uku. Ina sauyawa tana bi. Na yi kuka, na yi addu'a, na yi azumin nafila. A cikin kwana goma sha biyu duka taran suka zama baƙin ruwa. Itacen da ya ga kakan Baffa, wanda masu inji ma ba su iya gamawa da shi ba, ni na ƙarasa shi da ƙwaryar fura. Ƙwaryar kuwa na wanke ta da bilic na mayar wa Goggo, har tana yaba min wai ta yi fari.

Za ku ce me ya hana ni faɗa? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan kullum. Da wuta ce ta lalace, ko na'ura ta tsaya, da na kira Dakta a take. Amma fura? Ni da na kori mutum saboda gyaɗa? Ta ina zan fara? Kuma in Dakta ta yafe, wa zai je ya tsaya gaban Baffa ya ce masa wancan karon bai mutu ba, amma yanzu ya mutu? Tsoro ne ya kama ni, tsoro da girman kai, ba wani abu ba.

Ranar Lahadi na je gida. A ƙofar gidan kawuna akwai wani matashin maɗaci da ya fito da kansa daga ƙwallo, bai fi shekara biyar ba. Na tsaya kamar mai gyara takalmi, na yanki toho da reza daga rassan ƙasa, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na sa a kular abinci. Ko ɗaga kai ban yi na kalli itacen ba, sauri nake kar a gan ni. Washegari na dasa su a kwalba tara, na ɗauki alƙalami na rubuta lambar maɗacin Baffa a jikin kowace. Hannuna bai ko yi rawa ba, wannan ne ma abin da ya fi ba ni tsoro game da kaina. Da Dakta ta dawo ta ga sun ƙanƙance, na ce na rage su ne na sauya musu abinci. Ta ce, "Madalla," ta wuce. Ba ta taɓa bincikar aikina ba.

Na ɗauka za su mutu su ma, in huta, in ce ƙaddara ce. Ina! Yaron itace ba kamar tsoho ba ne, kwalba daɗi take yi masa. Abin da na yi wata bakwai ina roƙo, waɗannan cikin sati shida suka yi shi. Suka dinga fitar da rassa kamar ciyawar damina, ina rabawa suna ƙaruwa, kanta ɗaya ta cika, ta biyu ta cika. Dakta ta shigo wata safiya ta riƙe baki.

"Ke, me kika yi musu haka? Tsohon nan ya sauko!"

Na ce na ɗan rage ƙarfin sinadarin da ke cikin abincin ne. Ta ɗauko littafi ta rubuta. Ta rungume ni, ta ce hannuna mai albarka ne. Ta faɗa a taro a gaban manya, aka tafa min, na miƙe na ɗan rusuna ina murmushi. Kuma kada in ɓoye muku, akwai ranakun da na manta, na ji daɗin yabon har kaina ya kumbura. Ƙarya ɗaya na yi, amma aikina shi ne raba abu ɗaya ya zama ɗari, sai ga shi da hannuna nake zama kowace safiya da hantsaki ina hayayyafa ta.

Yau shekara ɗaya da wata uku ke nan. Tsirran sun bar kwalba, sun yi saiwa, suna cikin baƙar leda a ƙarƙashin rumfar raga, sun kai gwiwa. Manoma daga Kiru da Doguwa da nan Tudun Wada sun ba da sunayensu, an gaya musu wannan maɗaci ne da tsutsa ba ta iya masa. Ni kuma na lallashi zuciyata da cewa ai maɗaci maɗaci ne, wa ya sani, wataƙila na ƙofar gidan kawu ma mai kyau ne.

Sati biyu da suka wuce na je suna gidan kawun. Ina fitowa da rana na ɗaga kai, karon farko, na kalli itacen. Kansa uku. Ya rabu tun daga daidai kafaɗata, kowane reshe ya kama gabansa, sabon tohon damina duk ya lanƙwashe ya yi baƙi kamar an babbake. Na karyo ɗaya na tsaga da farce. Tana ciki, tsutsar, ƙatuwa, tana motsi. Kawu yana zaune a kan tabarma ya ce, "Ai wannan itacen ba shi da rabo, duk damina haka take cinye shi. Na bar shi ne kawai don inuwar akuya." Ban san lokacin da na zauna a kan dakali ba. Matan gidan suka ɗauka jiri ne, suka kawo min ruwa.

Kun gane abin da wannan ke nufi? Duk waɗanda ke ƙarƙashin ragar nan, ɗaruruwansu, wannan itacen ne. Ba 'yan'uwansa ba ne da za a ce wani zai fi wani ƙarfi, shi ne. Raga ce kawai ta raba su da tsutsar. Ranar da aka fitar da su fili, damina biyu ko uku, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a kowace gona, kusan a lokaci guda. Tun daga ranar abinci ba ya wuce min, na rame har ana tambayata ko lafiya. In Dakta ta kira sunana daga ofis sai in ce shi ke nan, ta gano.

Shekaranjiya, ranar kasuwa, Baffa ya zo ganin 'ya'yan itacensa. Ya tsufa sosai a shekarar nan, tafiyar ma sai a hankali. Dakta ta shigar da shi rumfar da kanta, ina biye da su kamar wadda za a kai wa alƙali. Ya bi layin yana taɓa su da bayan hannu, yana magana da su da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ya gaya mana ya ware rabin gonarsa ta masara, wadda ta fi kowace ƙasa kyau, wadda gidan ke ci daga ita. Ya haƙa ramuka, ya zuba takin shanu. 'Ya'yansa sun yi masa gardama, ya ce musu shi ba zai ga katakon ba, amma jikoki za su yi rufin ɗaki da shi su tuna da shi. Maƙwabtansa ma da suka ce ba su yarda da itacen kwalba ba, ya ce musu, "In ba ku yarda da kwalba ba, ku yarda da ni." Mutum shida sun haƙa nasu ramukan a kan maganarsa.

Sai ya tsuguna a gaban wani, ya kama sabon ganyen saman da yatsa biyu, ya juya shi. Ya matsa ga na kusa, ya sake dubawa.

"Likitar itace," ya ce min, bai ɗago ba, "tohon nawa ja yake fitowa. Ja wur, kamar an tauna goro an tofa. Tun ina yaro da shi nake gane damina ta kusa. Waɗannan kuwa na ga sun yi kore-kore."

Dakta ta juyo ta kalle ni, ba kallon zargi ba, kallon ke ce kika san su, ba shi amsa. Ga ƙofa Allah Ya buɗe min. Kalma biyu kawai zan faɗa a huta. Na buɗe baki, sai na ji muryata tana cewa, "Inuwar raga ce, Baffa. In suka sha rana za su yi ja."

Ya ɗago ya kalle ni. Na rantse ya daɗe yana kallona, ko kuma ni ce na ga ya daɗe. Sannan ya saki ganyen, ya dafa sandarsa ya miƙe.

"To," ya ce. "Idon nawa ne ya tsufa. Ke kika raine su, ke kika sani."

Mutumin da ya yi shekara saba'in yana kallon itacen nan, ya ga gaskiya da idonsa, ya ƙaryata idonsa saboda ni. Da zai tafi ya ce ranar Asabar in an kawo su, ni yake so in sa na farko a rami da hannuna, ya riga ya gaya wa malamin unguwarsu zai zo ya yi addu'a.

Na yi tunanin komai. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya in gudu Bebeji in kashe waya, amma motar za ta tafi da su ko ba ni. Shaiɗan har ya kawo min in zuba musu wani abu su bushe kafin Asabar, a ce cuta ce, sai na ga wata ƙaryar ce zan ɗora a kan na baya. In na faɗa wa Dakta, aikina ya tafi, wannan na haƙura da shi, amma ita fa? Ta tsaya gaban manya ta faɗi abin da na gaya mata, sunanta zai ɓaci, wataƙila a rufe ɗakin gaba ɗaya saboda ni. In na je wurin Baffa, da wane baki? In ce masa itacen kakansa ya mutu tun bara, kuma furar matarsa na ajiye a inda bai kamata ba? Goggo ta ji wannan ta ɗauka laifinta ne? Ina tsoron abin da labarin zai yi wa tsohon nan. In kuma na yi shiru, zai dasa, zai yi ta ban ruwa yana jiran jan toho, zai rasa masararsa, zai ji kunya a gaban mutum shida da suka bi maganarsa. Ko kuma Allah Ya ɗauke shi kafin nan, ya tafi yana sa min albarka, in rasa wanda zan roƙa gafara.

Na san abin da yake daidai, ba jahila ba ce ni. Ƙafata ce ta kasa takawa. Sau biyu jiya ina zuwa ƙofar ofishin Dakta ina juyowa. Don girman Allah, waɗanda suka taɓa cin amana suka iya faɗa, ku gaya min ta inda kuka fara. Wa zan fara tunkara, ita ko shi? In tafi ni kaɗai, ko in nemi wani babba ya raka ni? Yau Talata, ramukan suna can a buɗe suna jira.

Jama'a, me zan yi?